Yadda Ake Shirya Taron Unguwa da Zai Amfani Masu Buƙata ta Musamman

Duk shekara idan ranar 3 ga watan Disamba ta kewayo, wato ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun shekarar 1992 domin masu buƙata ta musamman, akan ga taruka a manyan garuruwa da sakatariyoyin ƙananan hukumomi. A kafa rumfuna, a jera kujeru, a kira makafi da kurame da guragu su zauna tun da hantsi suna jiran manyan baƙi, idan baƙin suka iso kuma a yi jawabai, a raba shinkafa da atamfa da ɗan kuɗin mota, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Ba na raina wannan alheri, domin wanda ya kwana da yunwa ya san darajar kwanon shinkafa, amma washegari matakalar asibitin da ta hana mai keken guragu shiga tana nan yadda take, yarinyar da ba ta ji kuma tana nan zaune a gida ba makaranta. Wannan bayani na masu son shirya taron da zai bar wani abu a bayansa ne, ko ƙungiyar matasan unguwa ce, ko kwamitin masallaci ko na coci, ko ƙungiyar mata, ko kuwa su kansu masu lalurar.

Kafin a ɗauki alƙalami a fara lissafin kujeru, ya kamata masu shiri su san inda suka dosa. Yarjejeniyar kare haƙƙin nakasassu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka zartar a shekarar 2006, Nijar ta amince da ita a 2008, Nijeriya kuma a 2010, ta faɗa a sashe na 19 cewa mai nakasa yana da 'yancin ya rayu cikin jama'a kamar kowa, ya zaɓi inda zai zauna da wanda zai zauna da shi, a kuma kai masa taimakon da yake buƙata a inda yake. A wurinmu wannan ba ya nufin mutum ya rabu da danginsa ya koma shi kaɗai, domin babu mai rayuwa haka a ƙasar Hausa, lafiyayye ne ko mai lalura. Abin nufi shi ne ragamar rayuwarsa ta kasance a hannunsa, ya riƙe kuɗinsa da kansa, ya je kasuwa da masallaci da asibiti a lokacin da ya ga dama, a nemi yardarsa a maganar aurensa, a damƙa masa gadonsa, idan kuma ana shawara a unguwa a ji ta bakinsa. Duk abin da za a saka a tsarin taro sai a auna shi da wannan ma'auni, wanda bai matsar da kowa kusa da shi ba a ajiye shi gefe komai ƙawarsa.

Kwamitin shiri shi ne tushen komai, kuma a nan ne mafi yawan taruka suke karkacewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka a tabbata fiye da rabin 'yan kwamitin masu lalura ne, kuma shugabanci da riƙon kuɗi suna hannunsu. Ba sai an sha wahalar neman su ba, domin tun tuni garuruwanmu suna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare da Sarkin Bebaye, waɗanda suka san jama'arsu gida-gida, sannan ga haɗaɗɗiyar ƙungiyar nakasassu ta ƙasa, wato JONAPWD, mai rassa a jihohi. A kai wa sarakunan gaisuwa, a nemi goyon bayansu tun daga farko, amma kada a tsaya a kansu kaɗai, saboda ɗalibai da matasa masu sana'a da mata suna da damuwar da dattawan ba lallai su kawo ta ba. Macen da ke da lalura tana ɗauke da nauyi biyu, kuma akwai maganganun da ba za ta taɓa faɗa a gaban maza ba, kamar wulaƙancin da wasu ke gamuwa da shi wajen awon ciki, don haka a ba mata aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kujerun kwamiti, a kuma ware musu zama nasu. Zaman kwamitin kansa a yi shi a inda kowa zai iya shiga, a biya wa mambobi kuɗin mota, domin wanda ya bar sana'arsa ya hau Adaidaita Sahu sau biyu ya zo ya yi sadaukarwa tun kafin a buɗe taro da addu'a.

Aikin kwamiti na farko shi ne zagaye. A ɗauki kamar makonni biyu ana shiga gidaje da rakiyar mai unguwa, mata kuma su shiga wajen mata, domin waɗanda suka fi buƙatar taron su ne waɗanda ba a gani a titi: yaron da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa iyayensa suka ɓoye shi a ɗaki saboda surutun mutane, matashin da ya samu rauni a laka bayan haɗarin babur, dattijuwar da hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki. Ungozoma da limamai da malaman Islamiyya sun san gidajen. A tambayi mutum da kansa, ba ɗan jagoransa ko mahaifiyarsa ba matuƙar yana iya amsawa, wane wuri ne yake son zuwa ya kasa, mene ne ke hana shi, kuma me ya iya da zai so a san shi da shi. Daga amsoshin ne za a fitar da manufa ɗaya ko biyu kacal, misali a shigar da yara makaranta, ko a gyara ƙofar asibitin sha-ka-tafi na unguwa. Taron da ya ɗauko buƙatu goma yakan tashi ba tare da ya biya ko ɗaya ba.

Maganar rana ba ta da wuya. Ban da 3 ga Disamba akwai 4 ga Janairu ta rubutun makafi, da Lahadin ƙarshe ta Janairu ta yaƙi da kuturta, da 13 ga Yuni ta zabiya, da 23 ga Satumba ta maganar hannu, da 15 ga Oktoba ta farar sanda, kowace kuwa tana sa gidajen rediyo su fi saurin kula ku. A guji tsakiyar damina saboda taɓo yana kafe keke, a guji lokacin sallar Juma'a da safiyar Lahadi. A fara da ƙarfe goma a tashi kafin Azahar, kuma a fara a kan lokaci ko babban baƙo ya iso ko bai iso ba, domin zaman awa huɗu a kan keke ga mai raunin laka yana iya jawo gyambon da zai yi watanni bai warke ba.

Wurin taro kuwa ya cancanci a tsaya a kansa sosai. Kada a zaɓe shi ta waya, a je da mai keke da makaho da wanda ke tafiya da hannu, a bi hanyar tun daga inda abin hawa zai sauke mutum har zuwa kujerarsa, sannan daga kujerar zuwa banɗaki da wajen alwala. Lambatun da ke bakin ƙofa, wanda mai ƙafa yake tsallakewa ba tare da ya lura ba, shi ne ƙarshen tafiyar mai keke, don haka a rufe shi da katako mai kauri ko sulab. Yashi mai zurfi yana riƙe taya, sai a share shi ko a daddaɓe wurin. Inda akwai matakala a yi gangare, ƙa'idar da masana gini suka sani kuwa ita ce duk tsayin santimita 1 yana buƙatar tsawon santimita 12, wato dakalin da ya kai santimita 30 yana buƙatar gangare mai tsawon mita 3 da santimita 60. Faɗinsa kada ya gaza santimita 90, idan ya kai 120 ya fi, a kuma yi masa ɗan baki a gefe don kada taya ta zame. Gangaren da ya cika tsayuwa ya fi matakala haɗari, domin yana kifar da keke ta baya. A tuna kuma cewa keken hannu mai ƙafa uku, irin wanda ake ƙerawa a Kano da sauran garuruwa, ya fi keken asibiti tsawo, yana buƙatar fili kafin ya juya, saboda haka a bar hanya mai faɗin aƙalla mita ɗaya da rabi a tsakanin layukan kujeru.

Ra'ayina game da dandamali shi ne a haƙura da shi gaba ɗaya idan ba za a yi masa gangare ba. Babu abin da ke zubar da manufar taro kamar a ga samari huɗu sun ciccibi magidanci da kekensa, rigarsa ta tattare, hularsa na neman faɗuwa, yana riƙe da wuyan ɗaya daga cikinsu a gaban 'ya'yansa da surukansa, don kawai ya kai ga abin magana. A sauko da teburin manyan baƙi ƙasa, a sami makirufo maras waya da za a kai wa mai magana har inda yake. Kada kuma a ware wa masu lalura rumfa guda a gefe, a cire kujeru nan da can a cikin layuka yadda mai keke zai zauna kusa da abokinsa ko matarsa, a shimfiɗa tabarmi masu tsabta a gaba domin waɗanda zaman ƙasa ya fi musu sauƙi. Zabiya a ba su wuri mai cikakkiyar inuwa kusa da gaba, domin rana tana ƙona musu fata har ta kai ga ciwon daji, idanunsu kuma ba sa hangen nesa.

Banɗaki shi ne abin da ake jin nauyin ambata, alhali shi ne yake hana mutane da yawa fita daga gida, har wasu sukan ƙi shan ruwa tun daga daren jajibiri don kada buƙata ta kama su a waje. Wanda ke tafiya da tafin hannunsa zai dafa duk abin da ke daɓen, saboda haka a sa mutum ɗaya a ɓangaren maza, ɗaya a ɓangaren mata, aikinsu kawai wanke wurin da tsane shi. A duba ko ƙofar za ta ɗauki keke, a sa kafinta ya yi kujerar katako mai rami a tsakiya wadda za a ɗora a kan masai, a kafa ƙarfen dafawa a bango, a ajiye buta da sabulu a ƙasa-ƙasa inda hannun mai zaune zai kai. Kuɗin wannan aiki bai kai na buga riguna da huluna ba, kuma zai ci gaba da amfani bayan an naɗe rumfuna.

Sai maganar isar da saƙo. Sanarwar rediyo da ta masallaci da mai shela za su kai ga makafi amma ba za su kai ga kurame ba, takarda kuma akasin haka, don haka a haɗa duka, a ƙara da saƙon murya da ɗan gajeren bidiyo na maganar hannu a WhatsApp. Akwai abin da masu shirya taro da yawa ba su sani ba, wato kuramen Arewa ba harshe ɗaya suke amfani da shi ba. Waɗanda suka yi makarantun kurame, irin ta Tudun Maliki a Kano, sun koyi maganar hannu ta makaranta wadda asalinta daga Amurka ne, su kuwa da yawa daga cikin manya da mutanen karkara suna amfani da maganar hannu ta Hausa wadda suka gada a tsakaninsu. Idan aka ɗauko tafinta mai ta makaranta kaɗai, da yawa daga cikin kuramen da ke wurin za su zauna suna kallo ba su fahimci komai ba. A nemi shawarar ƙungiyar kurame ta garin, sau da yawa za su ba da kurma wanda ya iya duka biyun ya tsaya tare da tafintan. Tafintoci su kasance biyu suna karɓar juna duk bayan minti 20 zuwa 30, su tsaya kusa da mai magana a inda haske ke faɗa wa fuskarsu da hannayensu, kada mai ɗaukar hoto ya gitta a gabansu, kuma a biya su haƙƙinsu domin aiki ne na ƙwarewa.

Saboda makafi, kowane mai magana ya fara da faɗin sunansa, duk abin da aka rubuta a allo ko aka ɗaga aka nuna a karanta shi a bayyane, janareto kuma a kai shi nesa domin ƙararsa tana toshe hanyar da makaho yake gane wuri da ita. A koya wa matasan da za su yi hidima yadda ake jagora: ka yi sallama, ka faɗi sunanka, ka tambaya ko ana buƙatar taimako, idan an amsa sai ka ba shi gwiwar hannunka ya riƙe ka ɗan shiga gaba, ko ka bi yadda ya saba idan ya fi son ka riƙe ƙarshen sandarsa, ka sanar da shi kafin hawa ko sauka, idan kun kai kujera ka ɗora hannunsa a kan majinginarta ya zauna da kansa. Ba a tura keken mutum sai da izininsa, ba a kuma ɗauke sandarsa a jingine ta a wani wuri. A koya musu abin yi idan farfaɗiya ta tashi wa wani: a janye abubuwan da za su ji masa rauni, a sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a tura masa cokali ko ruwa a baki, idan jijjigar ta lafa a juya shi ta gefe, idan kuma ta wuce minti 5 a garzaya asibiti. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta taɓawa ko ta miyau. Haka kuma wanda ya sha maganin kuturta ba ya yaɗa ta, maganin kuwa kyauta ake ba da shi, saboda haka babu dalilin ware wa kowa kwano ko tabarma.

A tsarin ranar, jawabai su zama kaɗan kuma gajeru, mai gabatarwa ya kasance mai lalura, a kuma ja kunnen masu magana su bar kalaman tausayi irin su “bayin Allah abin tausayi”. Idan malami zai yi nasiha, yana da abin faɗa mai ƙarfi a tarihin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon sahabin da aka saukar da farkon Suratu Abasa a kansa, wanda ya yi ladanci, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin sa ya kula da Madina idan zai yi tafiya. Wannan tarihi ne na ba da amana da shugabanci, kuma ta wannan fuska ya kamata a kawo shi. Mafi yawan lokacin a ba da shi ga teburan aiki: teburin da shugaban makarantar firamare zai rubuta sunayen yaran da za a ɗauka, teburin da ma'aikacin lafiya zai duba mutane ya rubuta takardar turawa zuwa inda ya dace, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, teburin da makaho mai ilimin waya zai koya wa 'yan'uwansa kunna TalkBack domin wayar ta riƙa karanta musu saƙo, su daina ba wani lambar sirrinsu ta banki, da teburin da masu walda da masu facin taya za su gyara kekuna da sanduna nan take. A ware kuma layin baje koli inda masu ɗinki da dukawa da masu saƙa da masu haɗa sabulu za su sayar da kayansu a kan farashin kasuwa, a gayyaci 'yan kasuwar da za su iya yin oda ko su ɗauki almajirin sana'a. Idan akwai fili mai siminti, a rufe da wasan ƙwallon guragu da ake bugawa da hannu a kan allo mai taya, wanda Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro a Nijeriya a shekarar 1988, domin yana tara matasan unguwa fiye da kowace sanarwa.

Idan wani mai hali ya ce zai ba da kekuna, a gode masa, amma a roƙe shi ya bari a auna mutane tukuna. Tun a shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin ba da keke a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda suka nuna cewa sai an duba mutum, an daidaita keken da jikinsa, an koya masa amfani da shi, an kuma ci gaba da bibiya. Keken da ya yi wa yaro girma yana karkatar masa da baya, wanda ba shi da matashin zama mai kyau yana jawo gyambo, na asibiti mai siraran tayoyi kuma ba ya jure hanyoyin unguwanninmu, shi ya sa ake ganin su a kasuwa bayan mako guda, sai a zargi wanda aka ba da rashin godiya. Hoto kuma kada a ɗauki kowa sai da yardarsa, yara kuwa sai da yardar iyayensu.

A kasafin kuɗi a fara da sufuri, sai tafintoci, sai gyaran wuri, sai ruwa da abinci, abin da ya rage shi ne na ado. A yi yarjejeniya da masu Adaidaita Sahu su ɗauko waɗanda ba sa iya fitowa su kuma mayar da su, a lissafa ɗan jagora a cikin abinci da kuɗin mota. Kuɗin da aka tara a sa hannun mutum biyu kafin a fitar, a karanta lissafinsa a gaban jama'a, domin masu lalura sun daɗe suna ganin ana tara kuɗi da sunansu ba su ga inda ya shiga ba.

Hukumomi a gayyace su da takardar da ta faɗi ainihin abin da ake nema a wurinsu, kuma 'yan kwamiti su je da sanin doka. Dokar Nijeriya ta hana nuna wa nakasassu bambanci ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun ga mutumin da ya nuna bambanci, da tarar naira miliyan 1 ga kamfani. Ta ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta hana amfani da mai nakasa wajen bara, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin da tuni ya cika. A ƙarƙashinta aka kafa Hukumar Kula da Nakasassu ta Ƙasa a 2020, jihohi irin su Kano da Kaduna da Jigawa da Filato kuma suna da nasu dokokin, sai a nemo ta jiharku a karanta sassan da suka shafi buƙatarku cikin Hausa a gaban shugaban ƙaramar hukuma da hakimi, cikin ladabi amma ba tare da kwana-kwana ba.

Duk wanda ya yi alƙawari a wurin, kansila ne ko shugaban asibiti ko sarkin kasuwa, sakatare ya rubuta abin da ya ce da ranar da ya ɗiba, a karanta masa kafin a tashi, ya sa hannu, a ba mai unguwa kwafi. Kwamiti kada ya watse bayan taro. A zauna cikin mako guda a ji daga bakin mahalarta abin da ya yi daidai da abin da ya ba su wahala, a raba alƙawuran a tsakanin mambobi kowa ya san ofishin da zai riƙa bibiya, sannan a sa ranar sake haɗuwa bayan wata uku, inda za a kira sunayen yaran da aka rubuta ɗaya bayan ɗaya a ji wanda ya shiga aji da wanda bai shiga ba, a kuma tafi da mai keke ƙofar asibitin ya gwada gangaren da kansa.